An ga kolifom a ruwan gidanmu, bayan gida muke sha ke nan?

Maman_Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu ilimin abin ku taimaka min. Gidan haya muke a Kano, iyali shida, rijiyar burtsatse ɗaya muke sha, ana tura ruwan tanki a sama. Tun da damina ta kankama yara suke ta gudawa, na wannan ɗaki ya tashi na wancan ya kwanta. Ƙanin maigidana da ke jami'a ya ɗebi ruwan ya kai ɗakin gwaje-gwaje. Takarda ta fito an rubuta kolifom 120, E. coli kuma 9, duka a cikin mililita 100. Ya ce min ma'anarsa ruwan masai na shiga ruwanmu. Mai gidan da muke haya ya ce zancen 'yan boko ne, ruwa garau, ba wari ba ɗanɗano, shi ma in ya zo shi yake sha. Wa zan kama a cikinsu?

Abu_Sumayya:
Wa alaikumus salam. Subhanallah, Allah ya ba yaran lafiya. Kafin masana su zo dai ki fara tafasa na sha tun yau.

Mai_Awon_Ruwa:
Hajiya, awon ruwa shi ne aikina, bari in warware miki takardar. Lambobin nan biyu ba nauyinsu ɗaya ba.

Kolifom babban dangi ne na bakteriya. Wasu a hanjin mutum da na dabba suke zaune, amma da yawansu a ƙasa suke, da ruɓaɓɓen ganye, da santsin nan da ke liƙe wa cikin tanki da bututu. Don haka 120 ɗin nan shi kaɗai bai isa a ce masai ba ne. Abin da yake nunawa shi ne ruwan ba a killace yake ba, akwai inda abin waje ke shiga, ko tankin ya daɗe bai ga wanki ba.

E. coli kuwa ɗan cikin dangin ne da gidansa hanji. A giram ɗaya na bayan gidan mutum akwai miliyoyinsa. In aka gan shi a ruwa, to kashi ya taɓa ruwan, kuma galibi ba da daɗewa ba. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a samu ko guda a mililita 100 na ruwan sha. Mizanin ruwan sha na Najeriya da hukumar kula da ingancin kayayyaki, SON, ta fitar a 2007 shi ma sifili ya ce. A ma'aunin haɗari da muke aiki da shi, 1 zuwa 10 ƙaramin haɗari ne, 11 zuwa 100 matsakaici, sama da 100 babba. Naku na sahun farko, amma awo ɗaya labarin ranar da aka ɗebi ruwan kaɗai yake bayarwa. Gobe bayan ruwan sama mai ƙarfi zai iya ninkawa.

Ki tambayar min shi abu uku: a ina ya ɗebi ruwan, a cikin me, kuma ya kwana ko bai kwana ba kafin ya kai?

Ummu_Khairat:
Malam mai awo, ke nan E. coli ɗin ne ke sa yaran zawo?

Mai_Awon_Ruwa:
Ba lallai ba, 'yar'uwa. Yawancin E. coli ba ya cutarwa, yanzu haka yana cikinmu ni da ke. Akwai 'yan nau'o'i masu haɗari, amma ba su muke nema ba a wannan awon. Kamar sawun kura ne a bakin garke: sawun bai ci akuya ba, amma ya gaya maka ta zo kuma ta san hanya. Duk inda E. coli ya bi ya shiga ruwa, ƙwayar kwalara da ta taifot da ta atini za su iya bi, ranar da mai ɗauke da su ya shiga masan nan.

Za ki ce me ya hana a nemi kwalarar kai tsaye. Cututtukan da ke bin kashi suna da yawa, kowacce da hanyar awonta da kuɗinta. Sannan ba kullum suke cikin ruwa ba, yau akwai gobe babu, kuma in akwai ma 'yan kaɗan ne a ruwa mai yawa. Shi kuwa E. coli kowa na fitar da shi, mai lafiya da marar lafiya, awonsa da sauƙi, kwana ɗaya an samu amsa. Wani likitan yara mai suna Theodor Escherich ne ya gano shi a kashin jarirai a Jamus a 1885, ba a jima ba masu kula da ruwa suka ɗauke shi a matsayin alama.

Alhaji_Mai_Gidaje:
Ni fa ina da ja. Na haura sittin, da ruwan rijiya aka yaye mu, guga a ƙasa, awaki na zagaye, ga mu nan da ranmu. Yanzu an samu burtsatse mai zurfi a rufe, sai a kawo takarda a ce ba ta da kyau? Kuma kullum mai gida ne mai laifi. Ɗan haya ba zai wanke tanki ba, ba zai sayi murfi ba, sai dai ya kawo ƙara.

Nas_Hadiza:
Ranka ya daɗe Alhaji, Allah ya ƙara nisan kwana. Amma ka tuna a gidajen da kuka tashi yara nawa aka binne kafin yaye, ana cewa haƙori ne ko ciwon damina. Waɗanda suka rayu su ne ke ba da labari. Babba jikinsa ya saba da wasu ƙwayoyin, ya sha ya wuce. Yaro ɗan wata takwas kuwa gudawar yini biyu sai ta zuƙe shi, idanu su faɗa, maɗiga ta lotsa, ka ja fatar cikinsa ta ƙi komawa. Irinsu nake karɓa duk damina. A 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta ƙirga sama da mutum 100,000 da ake zargin kwalara ta kama a ƙasar nan, sama da 3,000 suka rasu, kuma Bauchi da Jigawa da Kano na cikin jihohin da abin ya fi tsanani.

Maman Hanifa, ki ajiye ruwan gishiri da sukari na leda a gida, ki haɗa da tafasasshen ruwa, a asibiti ki nemi zink. In kika ga jini a kashi, ko zawo fari tsararo, ko yaro ya ƙi shan komai, kada ki jira gari ya waye.

Malam_Na_Tsangaya:
Bismillah. Ina jin inda mai gidan ya samo hujjarsa shi ne abin da muka karanta a fiƙihu, cewa ruwa na nan da tsarkinsa matuƙar najasa ba ta canza launinsa ko ɗanɗanonsa ko warinsa ba. Wannan haka yake, amma babin alwala da wanka ne. Ba a ce duk ruwan da ya halatta a yi alwala da shi ba ya cutar da ciki ba. Ruwan teku mai tsarki ne mai tsarkakewa, wa zai ba jariri ya sha? Mas'ala biyu ce daban. Kuma wanda aka sanar da shi cewa rijiyarsa na iya cutar da maƙwabta da 'yan haya, ya kawar da kai, to ya nemi amsar da zai bayar.

Abu_Sumayya:
Allah ya saka da alheri Malam. Wannan bayani ya warware min abin da ya daɗe yana ɗaure min kai.

Maman_Hanifa:
Na gode ƙwarai. Na tambaye shi. Ya ce a famfon tsakar gida ya ɗiba, wanda ke saukowa daga tanki. A gorar ruwan roba ya zuba bayan ya ɗauraye ta. Da yamma ya ɗiba, sai washegari ya kai. Na kuma auna da ƙafa, daga bakin burtsatsen zuwa sokawe bai kai taku goma sha biyar ba.

Injiniya_Auwal:
To ai magana ta ƙare, awon nan ba shi da inganci. Gorar da aka sha da baki, ruwa ya kwana a zafin ɗaki. Ƙwayoyin sun hayayyafa a cikin gorar, ko ma daga hannunsa suka shiga. Da wannan takardar ba za ki iya tsayawa gaban mai gida ba. A sake kawai.

Mai_Awon_Ruwa:
Injiniya, rabin maganarka na karɓa. Lambar 120 ɗin ba zan rantse a kanta ba, kwana a zafi na iya ƙara ta ko rage ta. Amma ba zan ce wa uwa mai yara marasa lafiya ta yar da takardar da aka ga E. coli a ciki ba, alhali sokawe na nan kusa. Ruwa ba ya tsami banza. A sake awo, amma a ɗauki ruwan a matsayin gurɓatacce har sai an ga akasin haka.

Ga yadda ake ɗiba. Ku karɓo kwalba daga ɗakin gwajin, wadda aka riga aka kashe ƙwayoyin cikinta. Kada a ɗauraye ta. A cire duk tiyo ko tsumman da aka ɗaura a bakin famfo, a goge bakin da sifirit, in na ƙarfe ne a ɗan ƙona bakin da wuta. A bar ruwa ya zuba minti biyu zuwa uku. A buɗe kwalba ba tare da yatsa ya taɓa cikin murfi ba, a cika a bar ɗan sarari a sama. A sa a kula da ƙanƙara, a kai cikin awa shida. Kuma ku ɗebi kwalba uku: ɗaya kafin ruwa ya shiga tanki, ɗaya a famfon ƙasa, ɗaya a randar ɗakinki. Su ne za su nuna inda ɓarnar take.

In ta zo hannunmu, mililita 100 muke tacewa ta wata farar takarda mai ƙananan ƙofofi da bakteriya ba ta iya wucewa. Mu ɗora takardar a faranti mai abincinsu, mu sa a na'urar ɗumama. Bayan kamar awa 24 duk ƙwaya ɗaya ta zama ɗigo da ido ke gani, sai mu ƙirga. A digiri 35 zuwa 37 dangin gaba ɗaya ke tsirowa. A digiri 44 kuwa sai masu jure zafi, waɗanda galibinsu na hanji ne. Akwai kuma wata hoda da ake zubawa a kwalbar: in ruwan ya koma rawaya akwai kolifom, in ya yi ƙyalli a ƙarƙashin fitilar nan ta duba jabun kuɗi akwai E. coli.

Sarkin_Haƙa:
Ni mai haƙar burtsatse ne, bari in faɗi abin da ido ya gani. Mutane na ɗauka zurfi shi ne lafiya. Sau da yawa dattin ba ta ƙasa yake zuwa ba, ta sama yake gangarawa. In an haƙa rami an zura kesin, wato babban bututun da ke tare ramin kada ya rufta, akwai sarari tsakanin kesin da bangon rami. Ƙasa ana zuba tsakuwa, amma 'yan mitocin sama dole a cike su da siminti. Nan ake cin kuɗin. Mai aiki ya tura ƙasar da ya haƙo, ya yi ɗan daɓe a kai, ya karɓi kuɗinsa. Damina ɗaya ƙasar ta zauna, daɓen ya tsage. Ruwan tsakar gida da ya wanko kwata da kashin kaji da fo ɗin yara sai ya bi jikin kesin ya sauka har inda sumo, wato injin da ke turo ruwa sama, yake.

Hajiya, je ki duba bakin. Kesin ya ɗago sama da ƙasa ko a cikin rami yake? Akwai murfi, ko leda aka ɗaura inda waya da igiya suka shiga? In an yi ruwa, yana kwanciya a wurin? Na taɓa buɗe akwatin wata burtsatse na tarar da ruwan kwata ya cika shi har ya shanye bakin kesin, ga kyankyasai, masu gida kuwa na ta yabon sanyin ruwan.

Batun tazara, abin da aka fi faɗa mita 30 tsakanin masai da rijiya, kuma gindin masai ya fi ruwan ƙasa tsayi da aƙalla mita ɗaya da rabi. Taku goma sha biyar bai kai rabi ba. Amma a fili mai ƙafa 50 da 50 ina za ka samo mita 30? In ka nisanci naka, ka kusanci na maƙwabci. Ga shi ƙasar Kano dutse ne a ƙarƙashi, in ruwa ya samu tsaga a dutse gudu yake ba tare da ya tacu ba.

Alhaji_Mai_Gidaje:
Ka ji ko. Ashe ma laifin masu haƙa ne.

Sarkin_Haƙa:
Alhaji, da mu da ku. In na ce siminti buhu kaza, mai gida ya ce wane ya yi masa a rabin kuɗin, me kake so ya faru?

Ɗalibi_a_Kanada:
Maganar Sarkin Haƙa ta tuna min da Walkerton, wani ƙaramin gari a lardin Ontario na Kanada. A watan Mayun 2000 aka yi ruwa mai ƙarfi, ya wanko takin shanu daga gona zuwa wata rijiyar gari marar zurfi. Masu kula da ruwan ba sa zuba kulorin, maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, yadda ya kamata, kuma bincike ya nuna suna rubuta alƙaluman ƙarya a littafin aiki. Mutum 7 suka mutu, kimanin 2,300 suka kwanta, a garin da bai wuce mutum 5,000 ba. Nau'in E. coli mai haɗari ne, O157:H7, wanda ke lalata ƙodar yara. Na kawo wannan ne saboda a nan kashin shanu ne. Awon E. coli ba ya bambance na mutum da na dabba, don haka kada a kafe a kan sokawe kaɗai in akwai turke a gidan.

Dakta_Bilkisu:
Ƙari a kan haka, kada wanda takardarsa ta nuna sifili ya saki jiki gaba ɗaya. A 1993 a birnin Milwaukee na Amurka kimanin mutum 400,000 suka kamu da gudawa daga ruwan famfo, alhali awon kolifom bai nuna matsala ba. Wata ƙwaya ce mai suna Cryptosporidium, kulorin na kashe kolifom ya bar ta da rai. Ƙwayoyin bairos ma wasu sun fi E. coli daɗewa a ruwa. Ganinsa hujja ce mai ƙarfi cewa akwai matsala, rashin ganinsa hujja ce mai rauni cewa babu. Kuma awon bai ce komai ba game da dalma ko sinadarin naitiret, wanda shi ma daga masai da taki yake zuwa, tafasawa kuma ba ta cire shi.

Ɗan_Maraɗi:
Gaskiya ne Dakta. Mu nan Nijar mun ga haka a jihar Diffa a 2017, ciwon hanta nau'in E ya ɓarke wajen 'yan gudun hijira, ta ruwa ya bi, kuma mata masu ciki suka fi mutuwa. Tun lokacin mutane da yawa suka koyi sa jabel, wato ruwan kulorin, a bidon, wato jarka. Sai dai a kula, ba kowane jabel ake sawa a ruwan sha ba, mai turare na wanki ne.

Uwargida_Zariya:
Ni alif nake sawa a randa, ko garin ƙwallon zogale. Kafin a jima ruwa ya kwanta tas. Bai wadatar ba?

Dakta_Bilkisu:
Anti, yana taimakawa amma bai wadatar ba. Alif da zogale tattara laka suke su kwantar, suna jan wasu ƙwayoyin ƙasa, ba sa kashe su. Ki tsiyaye na sama, sannan ki tafasa har ya yi ta ɓararraka, ko ki sa maganin kulorin irin su WaterGuard ko Aquatabs daidai yadda aka rubuta a jiki, ki jira minti 30. Ruwa mai laka cinye kulorin yake, shi ya sa kwantarwar ke zuwa farko.

Garuwa_Kurna:
Tunda an zo nan na san yanzu za a ce 'yan garuwa. Mu inda aka sayar mana nan muke ɗiba. Jarkokina ina wanke su da omo da tsakuwa. Amma sai in kai ruwa gida, a juye a baho a buɗe, yaro ya fito daga bayi ya tsoma moɗa har da hannu. Gobe a ce ruwan mai garuwa ne.

Nas_Hadiza:
Malam mai garuwa bai yi ƙarya ba. Binciken gida-gida mai suna MICS da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi da UNICEF a 2016 zuwa 2017 ya auna ruwa a inda ake ɗiba da kuma a kofin da ake sha a gida. Na gida ya fi gurɓata, kusan kashi 90 cikin 100 an ga E. coli. Randa mai faɗin baki da moɗar da ke yawo a ƙasa suna ɓata ruwan da ya zo da kyau. A samu mazubi mai murfi da famfo, ko moɗa mai dogon hannu da ake ratayewa. Amma ka duba cikin jarkokinka da fitila, in ka ga kore a gindi omo bai isa ba.

Matashi_02:
Ku koma fiya wata kawai ku huta.

Ummu_Khairat:
Iyali mai yara biyar, leda nawa za su sha a wata? Girki da wanke kwanon jariri fa? Kuma ba kowace leda mai lambar NAFDAC ce lambar tata ta gaske ba. Wasu daga irin burtsatsen nan ake ɗurawa.

Injiniya_Auwal:
Mu dawo kan tambayar Hajiya. Har yanzu ina nan a kan bakana: ba a san ko masai ba ne. Zai iya zama tanki ne ba murfi, tsuntsaye da ƙadangaru na kashi a ciki. In haka ne, wanki da murfi sun gama magana, ba sai an yi rigima da mai gida ba. Ku haɗa kuɗi ku shida ku yi awo ukun nan. In na kafin tanki ya fito da E. coli, sannan ku tunkare shi, in ya ƙi ku kai wa duba-gari na ƙaramar hukuma.

Maman_Hanifa:
Na leƙa kamar yadda Sarkin Haƙa ya ce. Bakin a cikin wani ɗan rami yake da aka rufe da faranti na ƙarfe, akwai ruwa kwance a ciki, daɓen kuma ya tsage ta gefen kwata. Tankin ma murfinsa ya fashe, dutse aka ɗora. Matan gidan biyu sun yarda a haɗa kuɗi, sauran sun ce sai mazansu sun dawo.

Sarkin_Haƙa:
To ga ƙofa biyu a buɗe. A kwashe ruwan ramin, a ƙara wa kesin tsawo ya ɗago sama da daɓe, a sake daɓen da gangara zuwa waje, a sa murfi mai kamawa. Sannan a zuba kulorin mai ƙarfi a burtsatsen da tanki ya kwana, da safe a yi ta zubarwa har warin ya tafi. Kada kowa ya sha a tsakanin. Wannan ba aikin kuɗi mai yawa ba ne, birkila ɗaya da mai famfo sun isa.

Mai_Awon_Ruwa:
Sarkin Haƙa, a ɗebi kwalaben kafin a zuba kulorin, in ba haka ba duka za su fito sifili, mai gida ya ce ai ya faɗa. Bayan gyara a bari kamar mako guda kulorin ya fita sarai a sake awo, sannan a ƙara wani washegarin ruwan sama mai ƙarfi. In ya dawo duk da an toshe sama, to ta ƙasa yake zuwa daga sokawe, kuma wannan siminti a baki ba zai magance shi ba.

Alhaji_Mai_Gidaje:
In ta ƙasa ne fa, sai a tashi sokawen ko a tashi burtsatsen? Wa zai biya? Ina tambaya ne don nawa gidajen ma haka aka yi su.